BAƘUWA A GIDAN UBA, BAƘUWA A GIDAN MIJI: MATANMU DA MATSALAR ƊAN ƘASA DA BAƘO

Jawabin da kwamitin kare haƙƙi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu a garin Lafiya



Mai girma shugaban taro, iyayenmu masu unguwanni, malamanmu, shugabannin 'yan kasuwa da na direbobi, iyayenmu mata da ƙannenmu da ke zaune daga can baya, matasa, da maƙwabtanmu na sauran ƙabilu da suka amsa gayyatarmu, muna yi wa kowa barka da zuwa, tare da fatan Allah Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Kamar yadda kowa ya sani, babu shekarar da za mu taru a nan ba a ta da maganar takardar shaidar asali ba, wadda muka fi sani da takardar indijin. Kullum kukan ɗaya ne: an haifi yaro a Lafiya, an haifi ubansa a Lafiya, kakansa na kwance a maƙabartar Lafiya, amma ranar da ya tashi neman gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a ce masa ya koma garinsu. Wannan kuka gaskiya ne, kuma ba mu daina yin sa ba. Sai dai a bana kwamitinmu ya koma ya duba ƙorafe-ƙorafen da aka riƙa kawo mana, sai muka lura da wani abu da ya kamata a ce mun gani tun tuni. Kusan duk wanda ya zo gabanmu namiji ne, kuma kusan duk maganar da muka kai gaban hukuma maganar 'ya'ya maza ce. Shin matanmu da 'ya'yanmu mata ba su da matsala ke nan? Da muka shiga gidaje muka tambaya, sai muka tarar tasu ta ninka tamu, ba su dai da inda za su kai ta ne. A kan wannan muke so mu yi magana yau.

Misali daga cikin gida

Bari mu fara da wani gida da da yawa daga cikinku za su gane irinsa, ko da ba mu ambaci suna ba. Kakan gidan ya zo daga ƙasar Kano yana fataucin goro da gishiri, ya zauna, ya yi aure, ya hayayyafa. Ɗansa, wanda aka haifa a nan, ya rasu ya bar 'ya'ya biyu da suka gama sakandare kusan lokaci ɗaya, namiji da mace. Dukansu an nemi takardar indijin a wajensu, dukansu kuma aka ce su je inda kakansu ya fito. Namijin ya ranci kuɗin mota, ya tafi, ya kwana a zauren wani dangi, ya yi mako guda yana bin mai unguwa da dagaci har aka samu dattijon da ya tuna da sunan kakansa, ya dawo da takarda. Ita kuwa yarinyar, uwarta na cikin takaba, babu wanda zai raka ta, kuma babu wanda zai yarda budurwa ta kama hanyar Kano ita kaɗai ta sauka gidan da ba ta sani ba. Kafin a samu mai kai ta an rufe karɓar takardu. Shekara ba ta zagayo ba aka yi mata aure, maganar karatu ta mutu.

To, jama'a, mene ne ya hana yarinyar nan karatu? Idan muka ce baƙunta ce, ai wanta ma baƙo ne, ga shi yana karatu. Idan muka ce don tana mace ne, ai ƙawarta da suka zauna benci ɗaya, wadda ubanta ɗan asalin nan ne, a yini ɗaya ta karɓi takardarta. Idan muka ce talauci ne, ai da mahaifinta na raye, ko da kuɗi a gidan, da an samu hanya. Abubuwa uku ne suka haɗu mata a wuri ɗaya, kuma haɗuwar tasu ce ta kayar da ita.

Mararraba

Wannan abu yana da suna a wajen masana, kuma asalin sunan daga baƙaƙen fatar Amurka ya fito. A 1976 wasu mata baƙaƙe su biyar, cikinsu har da Emma DeGraffenreid, suka kai ƙarar kamfanin motoci na General Motors a jihar Missouri, bayan an sallame su daga aiki. Kamfanin bai ɗauki mata baƙaƙe aiki ba kafin 1964, saboda haka da aka zo rage ma'aikata bisa tsarin wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, sai guguwar ta kwashe su. Kotu ta ƙi yarda su haɗa ƙarar wariyar launin fata da ta wariyar jinsi wuri ɗaya. Kamfanin na da mata a ofis, amma farare ne. Yana da baƙaƙe a masana'anta, amma maza ne. Ta kowace ƙofa aka leƙa sai a ga kamar babu laifi, alhali mace baƙa ba ta da ƙofar shiga ko ɗaya.

A 1989 wata malamar shari'a, ita ma baƙar fata, mai suna Kimberlé Crenshaw, ta yi nazarin wannan shari'a da irinta, ta kwatanta halin matan da mutumin da ke tsaye a mahaɗar tituna, inda mota za ta iya buge shi daga kowace kusurwa, wani lokacin ma motoci biyu a tare, sannan kowane direba ya ce ba shi ba ne. Mu mutanen jihar da ke da gari sukutum mai suna Mararraba ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan. Matar baƙo a mararraba take tsaye.

Kada kuma wani ya ce wannan tunanin Turawa ne aka yo mana aro. A 1982 an yi taro a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya wanda ya haifar da ƙungiyar mata ta WIN, kuma tun a lokacin matsayinsu shi ne ba a raba danniyar da ake yi wa mace da danniyar da ake yi wa talaka. Kafin su ma akwai Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933. Mahaifinta mutumin Gana ne da ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya ce, ta tashi a Zariya. Da ma'aunin yau za a auna ta, da an ce mata baƙuwa. Ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU, ta sha duka da ɗauri sau da yawa, tana neman a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai samu ba sai a 1976. Ta rasu a 2001. Duk macen da ke cikin wannan zaure mai katin zaɓe a jakarta tana cin albarkacin ɗiyar baƙo.

Abin da doka ta ce

Ya kamata kowane magidanci ya san abin da Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tanada, da inda ya bar giɓi. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a cikin ƙasar. Sashe na 43 ya ba shi 'yancin mallakar fili ko gida a ko'ina. Sashe na 42 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa, ko wurin da ya fito, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ko yanayin haihuwarsa. Sashe na 15 ya ɗora wa gwamnati nauyin ƙarfafa auratayya tsakanin ƙabilu da tabbatar wa kowa cikakken haƙƙin zama a ko'ina. Haka kuma a cikin sharuɗɗan tsayawa takarar majalisar jiha ko ta tarayya ko gwamna babu inda aka ce sai ɗan asalin wurin.

Amma wannan kundi da ya bayar da hannun dama ya karɓe da na hagu. Sashe na 14 ya kawo tsarin raba daidai a muƙaman gwamnati, sashe na 147 kuma ya ce shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha, kuma ya zama ɗan asalin jihar. Kundin bai faɗi wace al'umma ce ta asali ba, bai kuma faɗi shekarar da za a fara ƙirga asalin ba. Sashe na 42 ɗin da muke taƙama da shi yana da ƙaramin sashe na 3 da ya sassauta hanin a wajen naɗin muƙaman gwamnati da ɗaukar soja da 'yan sanda. Sashe na 15 kuwa yana cikin babi na 2, wanda ba a iya kai gwamnati kotu kai tsaye a kan rashin cika shi. Da aka bar wannan giɓi, sai hukunci ya koma hannun shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai, kowa da irin ma'auninsa.

Yanzu ga inda abin ya shafi mata musamman. Ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, sun ce mutum na zama ɗan asalin ƙaramar hukuma idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko kuma idan ƙaramar hukumar ta karɓe shi. Ku lura da kyau, ɗaya daga cikin iyaye aka ce, watau har da uwa. Amma a aikace uba kaɗai ake tambaya. Da yawa daga cikinmu a nan iyayenmu mata ko kakanninmu mata Alago ne, ko Gwandara, ko Eggon, ko Migili, ko Barebari, sai dai jinin uwa ba ya shiga lissafi. Waɗannan ƙa'idoji sun kuma ce matar aure za ta ci gaba da danganta kanta da jiharta ta asali wajen rabon muƙaman tarayya. Sakamakon haka shi ne, a jihar mijinta a ce mata ba 'yar nan ba ce, idan ta koma jihar ubanta a ce ai ta yi aure ta tafi. Ta zama jemage, ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi.

Kada mu ɗauka ƙananan mata kawai abin ke samu. A watan Nuwamba na 2012 an ɗage rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a matsayin alƙaliyar Kotun Ɗaukaka Ƙara, saboda an kai ƙorafi cewa haifaffiyar Anambara ce alhali a gurbin Abiya aka kawo sunanta, jihar mijinta, inda ta shafe shekaru tana alƙalanci. Sai da Majalisar Dattawa ta sa baki kafin aka rantsar da ita. A 2020 majalisar dokokin Kuros Riba ta ƙi tabbatar da Mai Shari'a Akon Ikpeme a matsayin babbar jojin jihar, ana kafa hujja da cewa asalinta Akwa Ibom ne, duk da cewa mijinta ɗan jihar ne kuma a can ta yi aikinta. Sai a farkon 2021 aka tabbatar da ita. Idan alƙalai masu rigar shari'a sun sha wannan, ina ga mai sayar da ƙosai a Tudun Kauri?

An yi yunƙurin gyara. A ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Tarayya ta yi watsi da wasu ƙudurorin gyaran tsarin mulki da suka shafi mata. Ɗaya daga cikinsu zai ba mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara 5 da aure. Wani kuma zai ba mijin 'yar Nijeriya da ya fito daga wata ƙasa damar zama ɗan ƙasa ta hanyar rajista, kamar yadda sashe na 26 ya ba matar ɗan Nijeriya. Mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa a Abuja, har Majalisar Wakilai ta janye matsayinta a kan uku daga cikin ƙudurorin a ranar 8 ga Maris. Duk da haka waccan majalisa ta gama wa'adinta a 2023 gyaran bai shiga kundi ba. A 2025 mataimakin kakakin Majalisar Wakilai, Benjamin Kalu, ya janye wani ƙudurin da ya gabatar, wanda zai ba mutum asali ta hanyar daɗewa a wuri ko aure, bayan suka mai zafi daga sassan ƙasar. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, lokacin da matan nan ke kwana a ƙofar majalisa a kan maganar da ta fi shafar gidajenmu, wasiƙa nawa ƙungiyarmu ta rubuta don mara musu baya? Ko ɗaya. Mun ɗauka maganar matan boko ce.

Idan wuta ta tashi

Wannan magana ta ɗan ƙasa da baƙo ta sha jini a wannan yanki namu, kuma duk lokacin da ta tashi mata ne ke ɗaukar kaso mafi nauyi. A Jos, naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin shugaban riƙon ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya jawo rikicin Afrilu 1994, wani naɗin kuma yana cikin musabbabin rikicin Satumba 2001. A Yalwan Shandam, an kashe Kiristoci da dama a watan Fabrairu 2004, wasu a cikin coci, sannan a farkon Mayu aka kai harin ramuwa da ya hallaka ɗaruruwan Musulmi, har Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato ranar 18 ga Mayu. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta rubuta yadda aka sace mata da yara a wannan hari, aka kuma ci zarafin wasu daga cikin matan. Dubban waɗanda suka tsira nan Lafiya suka yo, kuma akwai mutane a cikin wannan zaure da suka sauke su a gidajensu. Mun ga zawarawa da suka zo da goyo, babu miji, babu takardar gida, babu shaidar komai, domin duk abin da aka mallaka da sunan mai gida aka rubuta.

Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A watan Yuni 2001, bayan kisan Sarkin Azara, Alhaji Musa Ibrahim, Tibabe ne aka kira baƙi a kudancin wannan jiha tamu, aka ƙone ƙauyuka, dubbai suka tsere zuwa Binuwai, mafi yawansu mata da yara. Kalmar da ke yi mana ciwo a Jos ita aka jefi wasu da ita a ƙofar gidanmu, kuma ba mu ji muryar ƙungiyoyinmu ta tashi ba. Haka nan a Kano, jikan Ibo ko Bayarabe ko ɗan Eggon da aka haifa a Sabon Gari yana shan irin tambayar da muke sha a nan. Sunan baƙo riga ce da ake sa wa kowa idan ranarsa ta zo.

Dole kuma mu saurari tsoron maƙwabtanmu da kunnen basira. Wannan jiha an ƙirƙiro ta ne daga Filato a ranar 1 ga Oktoba 1996, kuma ƙananan ƙabilu da yawa suna ganin ita ce kaɗai rumfar da suke da ita a duk faɗin Nijeriya. Suna cewa Bahaushe na iya cin gurbi a Kano ko Katsina ya dawo ya ci a Nasarawa, su kuwa ba su da wani wurin. A cikin wannan magana akwai gaskiya, domin mun san akwai masu riƙe da takarda biyu. Matsayinmu a fili yake: gida ɗaya, takarda ɗaya. Ba ma neman sarautar kowa, ba ma jayayya da tarihin kowa. Garin Lafiya kansa Barebari ne suka kafa shi ƙarƙashin Muhammadu Dunama fiye da shekara 200 da suka wuce, kuma muna girmama masarautarsa da sauran masarautun jihar. Sarautar gargajiya daban, haƙƙin ɗan ƙasa mai biyan haraji a kan makaranta da asibiti da aikin yi daban.

Gyara daga cikin gida

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba za mu je gaban hukuma muna karanta mata sashe na 42 ba alhali a gidajenmu muna take shi. Gonaki da gidaje nawa ne a hannun 'yan'uwa maza waɗanda aka ƙi raba gadonsu shekara da shekaru, ana ce wa mata su yi haƙuri, alhali addini ya yanka musu kasonsu ƙarara? A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta, kuma da sashe na 42 ta kafa hujja. Mu da shari'armu ta riga ta ba mace gado tun ƙarni 14 da suka wuce, wane uzuri gare mu?

Sannan akwai maganar asali a tsakaninmu mu kanmu. Muna kukan ana tambayar mu inda kakanmu ya fito, amma idan aka zo neman auren 'yarmu mu ne masu bincike ko yaron ɗan wanzamai ne, ko ɗan mahauta, ko jinin bayi. Kada mu raina wannan. A Jamhuriyar Nijar, Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a yankin Ƙonni, saboda an ce uwarta baiwa ce. A watan Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ECOWAS ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Asali da jinsi da talauci ne suka haɗu mata, kuma a ƙasar da ake jin Hausa abin ya faru. Haka nan a cikin unguwanninmu akwai wanda baƙuntarsa ta fi ta wani: almajirin da ba shi da takardar haihuwa, da 'yar aikin da aka kawo daga ƙauye, da makauniya ko gurguwar da ba ta iya hawa matakalar ofis balle ta yi jayayya da akawu. Tun watan Janairu 2019 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, amma mu nawa muka taɓa karanta musu ita?

Ku dubi teburin nan da muke zaune a kai. Babu mace ko ɗaya. Mukan yi wa 'yan siyasa gorin cewa Majalisar Dattawan da aka zaɓa a 2023 mata 4 kacal ta samu cikin 109, amma mu ko ɗaya ba mu da ita. Alhali matan nan su ne ke riƙe da adashi, su ke saye da sayar da doya da riɗi da agushi, su ke zama rumfa ɗaya da matan Tibi da na Eggon a kasuwar Alhamis, suna bin juna bashi, suna zuwa wa juna biki da ta'aziyya. Zumuncin da muke ta kiran taro don a ƙulla, su sun daɗe da ƙulla shi. Tarihi ma ya nuna hanya a buɗe take: Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis ke bin ƙauyuka suna karantar da mata. A zamaninmu kuma Sanata Patricia Akwashiki ta wakilci Nasarawa ta Arewa daga 2007 zuwa 2011, a daidai lokacin da Sanata Grace Bent, haifaffiyar ƙasar Yarabawa, take wakiltar Adamawa ta Kudu, mahaifar mijinta. Can baya ma, a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, Bafulatani daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko da ƙuri'un mutanen garin.

Shawarwarin kwamiti

Saboda haka kwamiti na gabatar wa wannan taro da shawarwari kamar haka.

Na farko, kowane gida ya tabbatar an yi wa kowane yaro, mace da namiji, rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma kowace mace baliga ta mallaki lambar shaidar ɗan ƙasa da katin zaɓe da sunanta, a hannunta. A adana rasidin haraji da na makaranta da na rumfar kasuwa, domin duk ranar da aka koma ga tsarin daɗewa a wuri, su ne shaida.

Na biyu, tun yarinya na aji 1 na babbar sakandare a fara neman takardar asalinta, kada a jira sai an buɗe karɓar takardu. Ƙungiya ta ware wani kaso na asusunta don kuɗin mota, ta kuma zaɓi dattijai mata biyu da za su riƙa raka marayu da 'ya'yan zawarawa. Inda uwa ko kaka 'yar asalin nan ce, a nema ta wannan hanya, a kuma nuna ƙa'idar da ta yarda da haka.

Na uku, duk wanda aka hana takarda ko gurbi, ya nemi a rubuta masa dalili, cikin ladabi. Idan an ƙi, ya rubuta rana da abin da aka faɗa masa ya kawo wa kwamiti. Za mu buɗe littafi, mu riƙa rubuta ko mai ƙorafin mace ce ko namiji, mai aure ko bazawara, mai naƙasa ko mai lafiya, domin mu san inda takalmin ya fi matsewa.

Na huɗu, a san ƙofofin da ake bugawa ba tare da kuɗin lauya ba: Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Sashe na 46 ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi damar zuwa babbar kotu, kuma ƙa'idojin 2009 sun ba ƙungiya irin tamu damar shigar da ƙara a madadin wanda ba shi da ƙarfi.

Na biyar, a raba gadon da ke jibge, a ba mata kasonsu, a kuma yi musu takardar fili ko gida da sunansu. Muna roƙon malamanmu su ɗauki wannan a matsayin darasin wa'azi.

Na shida, a gyara tsarin mulkin ƙungiya a ware wa mata kujeru a kwamitin zartarwa, da cikakkiyar ƙuri'a, kuma a riƙa sa taro a lokacin da za su iya halarta.

Na bakwai, duk lokacin da aka buɗe jin ra'ayin jama'a kan gyaran tsarin mulki, mu kai takarda, kuma mu nemi ƙungiyoyin Tibabe da Ibo da Yarabawa mazauna jihar nan, da ƙungiyoyin mata na Musulmi da na Kirista, mu sa hannu tare. Mu kuma rubuta wa 'yan'uwanmu na Kano da Katsina da Sakkwato cewa abin da muke nema a nan su yi wa baƙinsu a can.

Daga ƙarshe, muna tunatar da kanmu cewa yarinyar nan da muka ba da labarinta tana nan cikin garin nan, tana goyon 'yarta ta fari. Nan da 'yan shekaru ita ma wannan jaririya za a tambaye ta takarda. Abin da za ta tarar a ranar ya danganta da abin da muka zartar yau kafin mu tashi daga wannan zaure. Muna roƙon shugaban taro ya fara ba iyayenmu mata dama su yi magana kafin a shiga muhawara a kan shawarwarin.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Lafiya da jihar Nasarawa da Nijeriya baki ɗaya.